Ƙashin Ƙafa a Bakin Alhaji Nomau

Alhaji Nomau ya shekara talatin da huɗu yana sayar da albasa a kasuwar Adjamé, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa yin taron 'yan albasa an tashi bai yi magana sau uku ba. Ba shi ne shugaban ƙungiya ba. Shi ne dai ake turawa idan motar kaya ta maƙale a kan iyaka, ko ma'aikatan magajin gari sun zo da maganar tashin rumfuna. Yakan tare su da Faransancin kasuwa, ya haɗa da yaren Jula, ya rufe da Hausar Adar, har su tafi don gajiya ba don gamsuwa ba.

Ciwon ya fara ne bayan babbar Sallah, a matauninsa na ƙasa ta hagu. Ya ɗauka naman layya ne ya maƙale. Matarsa Hajo ta daka masa kanumfari da jar kanwa ya danna a wurin, ya lafa kwana biyu ya dawo. Sai ya je wurin wani mai cire haƙori a bayan tashar mota, wanda ya zana baki mai haƙora kusan hamsin a allonsa. Mutumin ya yi gumi kafin ya cire na farko. Na biyu bai yi gardama ba. Na uku kuwa taɓa shi kawai ya yi da yatsa ya faɗo, sai ya ɗaga shi ya nuna wa masu jiran layi, ya ce su shaida irin hannun da Allah ya ba shi.

Ramin haƙoran bai warke ba. Maimakon haka muƙamuƙin ya fara kumbura, daga girman goro ya kai girman lemon tsami cikin wata guda, leɓensa na ƙasa kuma ya mutu kamar ba a jikinsa yake ba. Idan ya sha shayi sai ya zubo ta gefe bai sani ba.

A majalisar da suke zama bayan La'asar, gaban rumfarsa, kowa ya zama likita. Wani ya ce hangum ne, ko da yake ba a san hangum da kama ɗan shekara sittin da biyu ba. Wani ya ce kambun baka ne, don mutane sun cika yabon iya maganarsa. Wannan bayani ya fi yi wa Nomau daɗi. Babban amininsa kuma abokin musunsa, Alhaji Sharhabilu, Bakano mai shigo da kaya daga Sin, ya kawo masa wata na'ura mai batir da ke karkarwa, wadda kwalinta ya lissafa cututtuka arba'in da take warkarwa.

"Ka ɗora a wurin safe da yamma," in ji Sharhabilu. "Ni da kaina na ga masana'antar."

"To ciwona shi na cikin arba'in ɗin?"

"In ba ya ciki ai ya zama na arba'in da ɗaya. Kai dai ka ɗora."

Ya ɗora mako biyu. Na'urar ta yi ta karkarwa, kumburin ya yi ta girma.

Da ya ga mata masu sayen albasa sun fara kallon kuncinsa maimakon buhu, sai ya ciro tsohon rawaninsa ya naɗa, ya ja amawali ya rufe haɓa. Ranar farko a gbaka, motar haya da ke kai shi daga Treichville zuwa Adjamé, wani ya tashi ya ba shi kujerar gaba. Ranar Juma'a aka matsa masa a sahun farko. Kafin mako ya zagayo labari ya kai har unguwar Koumassi cewa an naɗa Nomau sarkin albasa. Bai ce haka ne ba, bai kuma ƙaryata ba. Masu gaisuwa suka fara durƙusawa, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu, don buɗe bakin ya fara yi masa wuya.

Hajo ce kaɗai ke ganinsa ba rawani, a ɗakunansu biyu da ke cikin babban gidan haya a unguwar Biafra ta Treichville. Ta ga ya daina tuwo ya koma kunu. Ta ga tazugen wandonsa ya yi masa yawa. Wata safiya tana kaɗe matashinsa ta ga jini, sai ta kira 'yarsu Salamatu a waya.

An haifi Salamatu a Treichville, tana aikin sakatariya a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa. Hausarta ta gida ce, ta gaisuwa da abinci da faɗa. Duk abin da ya wuce nan da Faransanci take tunaninsa. Da rana tsaka ta shigo kasuwar da takalmi mai tsini, ta zauna a kan buhun albasa a gaban rumfar ubanta.

"Papa, buɗe in gani."

"Nan kasuwa ce, Salamatu. Ki tahi gida."

"Na ɗauki permission a wurin aiki. Ba na tashi sai mun tafi asibiti."

"Ciwon haƙori ne. Sauƙi shi ke yi."

"To in sauƙi ne ka buɗe."

Ya waiga ya ga maƙwabtan rumfa sun baza kunne. Zaman 'yarsa a kan buhu ya fi asibiti tsorata shi, don haka ya ɗauki sandarsa suka tafi.

A wani asibiti a Treichville aka tura su sashen masu aikin fuska da muƙamuƙi. Likitar mace ce 'yar ƙasar, gajera mai furfura kaɗan, sunanta Dokta Amenan. Ta jira ya warware rawanin da kansa, ta sa safar hannu ta duba cikin bakin, ta lalubi wuyansa a hankali. Ta tambayi wanda ya cire haƙoran. Da aka gaya mata sai ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta rubuta takardar hoto. Aka yi masa hoton ƙashi, aka sa shi cikin babbar na'urar nan mai kama da rijiya a kwance, aka yanki ɗan nama daga dasashinsa aka kai gwaji. Suka jira kwana goma sha shida.

Ranar sakamako likitar ta manna hoton a jikin fitila. Ko Nomau ya ga inda ƙashin ya cinye ya zama kamar saƙar zuma. Ta yi bayani mai tsawo tana duban Salamatu, ta ce ta fassara masa.

"Mi ta ce?" in ji Nomau.

Salamatu ta juyo gare shi. "Ta ce wani abu ne ya fito a cikin ƙashi. Daga abin da ke yin haƙori tun mutum yana yaro. Ya zama… ya yi fushi. Yana cin ƙashin." Ta dubi ƙasa. "Papa, ban san Hausarsa ba."

"Na ji ta ce kansar. Wannan ko a kasuwa mun san shi. Daji ne."

Likitar ta jawo kujerarta kusa da shi, ta yi masa magana kai tsaye da Faransanci mai sauƙi. Ta ce sunan ciwon carcinome améloblastique, mai saurin yaɗuwa ne, amma hoton ƙirjinsa ya nuna bai kai huhu ba. Ta ce dole a yanke rabin muƙamuƙin na hagu da ƙululun wuya, sannan a ciro siririn ƙashin ƙwaurinsa da jijiyoyinsa a lanƙwasa a dasa a gurbin. Ƙafar za ta iya tafiya ba shi. Ta ce a yi cikin mako biyu, kada a wuce.

Sannan ta ƙara da abin da daga baya ta yi nadamar faɗa. Ta ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ita a shekara ashirin na aikinta wannan ne na biyu, kuma tana roƙon ya bari ɗalibanta su gani.

Nomau ya ɗago kai. "Na biyu? Cikin shekara ashirin?"

Ɗalibai tara suka shigo da fararen riguna, suka kewaye shi suna leƙa bakinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙa ya ce masa yako, wato sannu. Da aka nemi izinin ɗaukar hoto ya yarda, amma ya ce a dakata Salamatu ta gyara masa wuyan riga.

Washegari ya isa majalisa da sunan ciwon rubuce da ajami a bayan takardar magani. Ya karanta musu sau uku.

"Karsinom amilo. Likita ta ce duk duniya ba mu da yawa."

"A Kano yana nan birjik," in ji Sharhabilu. "Kawuna ya yi irinsa, nasa ma ya fi naka girma, har ɓangare biyu."

"Na kawunka ƙurji ne. Wanga sai an sa gilashi an duba littahi."

Da ya zo kan maganar ƙashin ƙafa sai Sharhabilu ya karɓe zancen. Ya ce shi ba ya son ya tayar da hankali, amma akwai matsala ta addini. Idan ƙashin ƙafa ya koma haɓa, to a alwala yaya za a yi da wurin? A wanke shi tare da fuska, ko a bari sai an zo kan ƙafafu a dawo a wanke? Wani ya ce in mutum ya sa huffi fa, zai yi shafa a haɓa kenan? Wani kuma ya tambaya ranar tashin ƙiyama, da gaɓoɓi za su ba da shaida, ƙashin zai faɗi inda aka je ne ko abin da aka faɗa?

Aka aika aka kira Malam Abdulbaqi, limamin masallacin kasuwa, dattijo marar son doguwar magana. Ya saurara har suka gama.

"Abin da ke fuska fuska ne," ya ce. "Ya wanke fuskarsa kamar kowa. Alhaji, ka je a yi maka aiki." Ya sa takalminsa ya tafi.

Amsar ba ta gamsar da kowa ba, don ta yi gajarta da yawa. Sharhabilu ya ce babbar tambaya irin wannan ba a amsa ta a tsaye. Ya tura saƙon murya ga wani malami a Kano, 'yan Adar suka tura nasu Tawa, wani ya tura wa ƙaninsa da ke karatu a Madina. Amsoshi suka yi ta shigowa, kowace minti goma sha biyar, ana sa waya a tsakiyar tabarma ana saurara. Majalisar ta rabu gida biyu, 'yan fuska da 'yan ƙafa. Mutanen da ba su taɓa zama a wurin ba suka fara zuwa da kujerunsu.

Nomau na tsakiya da rawaninsa. Duk lokacin da Salamatu ta kira ta ce asibiti na jira, sai ya ce mata malamai ba su gama bincike ba. Mako biyun likita suka wuce, na uku ya bi su.

Wata ranar Lahadi da hantsi, mutanen gidan haya sun watse, Hajo ta kawo masa kunu a ƙofar ɗaki. Ya kai ludayi baki, bakin ya ƙi buɗuwa yadda ludayin zai shiga. Ya sake gwadawa, kunun ya zube a rigarsa. Ya ajiye ludayin.

Hajo ta zauna a kan turmi tana fuskantarsa. "Alhaji, shekara talatin da takwas ni ke zuba maka ruwan alwala. Ban taɓa ganin ka damu da ita haka ba."

Ya ture kwanon kunun gefe.

"Tsoro ka ke ji."

Ya daɗe yana kallon igiyar shanya. "Ba mutuwa ni ke tsoro ba, Hajo," ya ce a hankali, maganar na fita ta gefe guda. "In sunka yanke, in farka in iske ba ni iya magana fa? Ni ba ni da karatu, ba ni da ƙarhi. Bakin nan ne na zo da shi garin ga. Shi ya ciyar da ku."

"To yanzu magana ka ke yi? Hannu ka ke ɗaga ma mutane kamar mai tsayar da mota." Ta ɗauki gefen zanenta ta goge masa rigar. "Ni na ji maganarka ta ishe ni har ƙarshen rayuwata. Kai ni ke so a ƙofar ɗakin ga, ko da baki ko babu."

Ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi dafe kunci. Hawaye ya zubo ta idon hagu kawai, bai goge ba. Da yamma ya ce wa Salamatu ta kira likita.

Dokta Amenan ba ta yi musu faɗa ba. Ta sa aka sake hoto, ta jera sabon kusa da tsohon, ta nuna masa da biro inda za ta tsaya da yankan a da, da inda za ta tsaya yanzu. Bambancin ya kai faɗin yatsu biyu. Ta tambayi abin da ya tsayar da su. Salamatu ta yi ƙoƙarin bayyana mata rikicin 'yan fuska da 'yan ƙafa da Faransanci, ta kai rabi ta bari.

Aka ce ana buƙatar jini. Mutanen kasuwa goma sha ɗaya suka zo, 'yan fuska da 'yan ƙafa a layi ɗaya. Sharhabilu ne a gaba, yana ba da labarin yadda aka taɓa ɗinke masa goshi ba allurar kashe zafi. Yana ganin allurar ya sulale daga kujera. Da ya farfaɗo ya ce santsin tayil ne, ya miƙa hannu ya kau da kai, aka ɗiba.

An shiga da Nomau ƙarfe bakwai na safe, aka fito da shi bayan Magariba. Likitoci biyu suna aiki a fuska, biyu a ƙafa. Suka yanke ƙashin da ƙarin ya ci, suka kwashe ƙululun wuyan, suka sassaƙa ƙashin ƙwaurin gida uku suka ɗaure da ƙarfe ya yi siffar muƙamuƙi, sannan suka ɗinke jijiyoyin jininsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Hajo ta wuni a kan benci da carbi, ba ta ci komai ba. Da likitar ta fito ta ce ƙashin ya karɓi jini, Salamatu ta fassara wannan ba tare da ta nemi kalma ba.

Ya farka da bututun numfashi a maƙogwaro, robar abinci a hanci, ƙafa a naɗe. Kwana goma sha biyu bai furta ko kalma ɗaya ba. Masu dubiya suka samu damar da suka shekara talatin suna jira. Suka zauna a bakin gadonsa suna ba shi labarin duk wanda suka sani da aka yi wa aiki ya rasu, sannan su ce Allah ya kiyaye. Sharhabilu kuma ya riƙa gaya wa kowa cewa jinin Kano ne ya tashe shi. Nomau ya nemi takarda ya rubuta amsa da ajami. Salamatu ba ta iya karanta ajami ba. Hajo ma ba ta iya ba, amma ta dubi takardar ta dubi fuskarsa ta ce wa baƙin, "Ya ce ya gode, kuma ku tahi."

Wata rana Salamatu ta shigo ta iske Sharhabilu shi kaɗai a wurin, ubanta na barci. Ya ɗora ƙafar Nomau mai lafiya a cinyarsa yana matsa masa ita, yana share ido da hannun riga. Da ya gan ta ya ce maganin da suke goge ɗakin da shi ne ke da yaji.

Gwajin naman da aka cire ya nuna an yanke ƙarin da kewayensa duka, amma ɗaya daga cikin ƙululun wuyan ya kamu. Don haka bayan ciwon ya warke aka yi masa gashi da na'ura, kwana biyar a mako har mako shida. Gashin ya fi aikin wahalar da shi. Yawunsa ya ƙafe, fatar wuyansa ta yi baƙi ta saɓule, komai ya ci sai ya ji kamar kwali. Gemunsa na hagu ya zube bai sake fitowa ba, har ya gaji ya aske na daman.

Maganar ta dawo a hankali. Tana fita da nauyi, wasu haruffan suna maƙalewa, kuma bayan jimla biyar sai ya kurɓi ruwa daga gorar da yake yawo da ita. Fuskar ta ɗan karkace, da dogon tabo daga bayan kunne zuwa ƙarƙashin haɓa. Yana ɗan ɗingishi. Ya koma rumfarsa bayan wata biyar da hula kawai, masu durƙusawa suka duba suka ga Nomau ne, suka koma gaishe shi a tsaye.

A dubawar wata shida Dokta Amenan ta lalubi wuyansa, ta karanta sabon hoto, ta ce ba ta ga komai ba. Ta ce irin wannan ciwon yana iya dawowa, a wurin ko a huhu, don haka duk wata uku tana son ganinsa, shekara biyar, kuma ranar da ta rubuta, ba ranar da majalisa ta yarda ba. Ashe Salamatu ta ƙarasa mata labarin. Ta ce zai iya fara gwada abinci mai laushi, ya tauna ta dama.

Suka fito shi da Hajo da rana, suka ƙi shiga mota, suka bi gefen titi a hankali zuwa Biafra. A wata kwana ƙamshin soyayyen kifi ya tare su. Rumfar garba ce, inda ake sayar da acake, wato dambun rogo, da kifin tuna, mai rumfar kuma Alu ne, wani mutumin Madawa da ya san su. Nomau ya tsaya.

"Likita ta ce mai laushi," in ji Hajo.

"Acake ai gari ne."

Alu ya goge musu benci, ya zuba kaɗan a faranti, ya yayyafa mai da yawa don ya yi taushi. Hajo ta wanke hannu ta marmashe kifin, tana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya ɗebi loma ƙarama ya kai ta dama. Ya daɗe yana taunawa, ya kurɓi ruwa, ya haɗiye. Su biyun suna kallonsa.

"Ka ji ɗanɗano?" ta tambaya.

"Kaɗan. Gishiri ni ke ji, da wani abu can nesa." Ya sake ɗiban wata lomar. Mai ya gangaro ta gefen leɓensa da ba ya ji, Hajo ta goge masa da yatsa. Ya dubi Alu. "Ƙara mani tonka."

Alu ya dubi Hajo. Ta girgiza kai. Ya ɗauki cokali ya taɓa bakin kwanon barkonon don ya yi ƙara, ya juya abincin ba tare da ya zuba komai ba.

Nomau ya ci, ya gyaɗa kai. "To, yanzu ya yi."